Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Likitocin Hawan Jini: Ku Kira Wadda ke Zaune a Benci

Zuwa ga likitoci da ma'aikatan jinya masu duba masu hawan jini,

Assalamu alaikum. Sannunku da aiki, Allah ya saka muku da alheri.

Ni ba likita ba ce. Matar mai hawan jini ce, wadda ta yi shekara shida tana raka mijinta ganin likita, tana zama a bencin waje da jakar magunguna a cinya har ya fito. A shekarun nan an ɗaura masa abin awo a damtse sau ba adadi. An yi masa tambaya a kan gishiri, an yi masa a kan taba, an tambaye shi ko yana motsa jiki, ko akwai mai ciwon a danginsu. An auna nauyinsa, an duba ƙodarsa, an ɗauki hoton zuciyarsa. Daga ƙwaya ɗaya aka koma biyu, daga biyu aka koma uku, har da mai sa fitsari. Jini ya ce bai san zancen ba. Sau biyu ana kallonsa da idon zargi ana cewa, "Malam, anya kuwa kana shan maganin nan yadda aka ce?" Yana sha. Ni nake ɓallo masa daga takarda in miƙa masa da ruwa.

Tambaya ɗaya ce babu wanda ya yi masa duk tsawon lokacin nan: yaya barcinka? Ko da ma an yi, cewa zai yi lafiya lau, don shi a saninsa da ya ɗora kai a matashi sai safe. Ni ce na san abin da ke faruwa tsakanin ɗora kan nan da wayewar gari, ni kuwa ina waje a kan benci.

Bari in ba ku labarin dare ɗaya, don duk dararen ɗaya suke. Yakan fara da minshari mai ƙarfi, irin wanda ake jiyowa ko ƙofa a rufe take. Wannan na saba da shi tun farkon aurenmu, har ya zama abin zolaya a tsakaninmu. Ana cikin haka sai minsharin ya yanke, ɗif. Ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka, cikinsa na kokawa kamar mai jan kaya mai nauyi, amma babu iskar da ke shiga. Nakan ƙirga a zuci. Goma. Ashirin. Akwai daren da na wuce arba'in. Can sai ya fizgo numfashi da wani irin gurnani kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya harba ƙafa, ya tauna baki, ya koma minsharinsa. Minti ɗaya ko biyu, a sake. In na zungure shi da gwiwar hannu ya juya gefe sai a ɗan samu lafawa, kafin ya mirgino ya koma rigingine. Yakan tashi fitsari sau uku, wani lokaci huɗu, mu ɗora laifin a kan ƙwayar fitsari, alhali da safe yake shan ta. Gari ya waye ya tashi da ciwon kai da busasshen baki, yana cewa barci bai ishe shi ba, mutumin da ya yi awa takwas a kwance. Da rana ana magana da shi yana gyangyaɗi. Ranar da cikina ya ɗuri ruwa ita ce ranar da barci ya sace shi muna tsaye a danja, hannunsa a kan sitiyari, sai da na bayanmu suka cika mana kunne da hon sannan ya farka.

Duk wannan ban taɓa haɗa shi da hawan jini ba. Me ya haɗa minshari da jini? A wurina ɗaya abin dariya ne na cikin ɗaki, ɗaya kuma ciwo ne na asibiti.

Ranar da za a ƙara masa ƙwaya ta huɗu, Allah ya sa likitan da ya saba gani ba ya nan. Wata matashiyar likita ce ta zauna a kujerarsa. Ta duba kati ta daɗe tana dubawa, ta ɗago ta kalli wuyan maigida, sai ta ce, "Baba, wa yake kwana ɗaki ɗaya da kai?" Aka leƙo aka kira ni. Ta ce, "Mama, kin taɓa ganin numfashinsa ya tsaya yana barci?" Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido, don shekara da shekaru ina ɗauke da amsar nan ban san tana da mai nema ba. Aka ba mu 'yar na'ura muka kwana da ita a gida: abin maƙalawa a ɗan yatsa, siririn bututu a ƙofar hanci, da ɗamara a ƙirji. Da sakamako ya fito, numfashinsa yana yankewa ko ya ragu sosai sau 47 a kowace awa, iskar oksijin da ke jininsa kuma tana faɗuwa har zuwa kashi 78 cikin 100.

Na san kun fi ni sanin abin da zan faɗa yanzu. Amma ba ku kaɗai za ku karanta wasiƙar nan ba, don haka ku yi haƙuri in faɗe shi yadda na fahimce shi bayan na bi na karanta duk abin da hannuna ya kai.

Idan mutum ya yi barci, naman jikinsa yakan saki, har da na maƙogwaro. A wurin wasu, harshe da ganda da beli sai su zube baya su toshe hanyar iska, kamar yadda bututun roba mai laushi yake manne kansa in an zuƙe shi da ƙarfi. Idan toshewar ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, ita ce ɗaukewar numfashi da kuke ƙirgawa. Daga sau 5 zuwa 14 a awa kuna cewa mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama mai tsanani. To a duk lokacin da hanyar ta toshe, oksijin na raguwa a jini, gurɓatacciyar iska na taruwa. Akwai wasu 'yan ƙananan masu gadi a jijiyoyin wuya da aikinsu ke nan, su lura da wannan canjin. Da sun ji, sai su kai ƙara ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta yi abin da takan yi in mutum ya yi arba da haɗari: ta saki sinadaran firgita irin su adirenalin, jijiyoyin jini su matse, zuciya ta ƙara gudu, a fizgo mutum daga barci mai nauyi na 'yan daƙiƙu don ya buɗe maƙogwaro. Shi ba ya tuna ya farka. Amma a daidai lokacin da ya ja numfashin nan jininsa yakan yi tsalle, a wurin wasu har ya haura 200.

Ku lissafa mini na maigidana. Sau 47 a awa, awa bakwai na barci. Fiye da firgita 300 ke nan a dare ɗaya, kowane dare, shekara da shekaru. Jinin mai lafiya yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 da dare, zuciya da jijiyoyi su huta. Nasa ba ya samun wannan hutun. Kuma jikin da ya saba kwana cikin firgici ba ya sakewa don gari ya waye. Bincike ya nuna jijiyoyin nan na firgita suna ci gaba da aiki fiye da kima ko mutum yana farke yana numfashi daidai. Ga kuma sinadarin aldostiron mai sa jiki riƙe gishiri da ruwa, wanda yakan yi yawa a wurin masu hawan jinin da ya ƙi magani. Ruwan da ya taru a ƙafa da rana, in an kwanta sai wani sashe nasa ya gangaro wuya ya ƙara ƙuntata hanyar iska. Ciwon biyu kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Har fitsarin daren nan ma na samu bayaninsa: kokawar da ƙirji yake yi da toshasshiyar hanya tana ja wa zuciya, ita kuma ta ɗauka ruwa ne ya yi yawa a jiki, ta saki sinadarin da ke umartar ƙoda ta zubar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na gano wannan ba sabon ilimi ba ne. A shekarar 2000 aka wallafa sakamakon wani bincike daga jihar Wiskonsin ta Amurka, inda aka bi mutum 709 har shekara huɗu. Waɗanda numfashinsu ke yankewa sau 15 ko fiye a awa, yiwuwar a same su da hawan jini bayan shekarun nan ta kusa ninka ta waɗanda ba su da matsalar sau uku, kuma wannan bayan an cire tasirin ƙiba da shekaru da taba da giya daga lissafin. A 2001 wasu likitoci a Toronto ta Kanada suka gwada barcin mutum 41 masu hawan jinin da ya ƙi jin magani, suka samu kashi 83 cikin 100 suna da ɗaukewar numfashi. A 2003 rahoto na bakwai na kwamitin ƙasar Amurka kan hawan jini ya sa ta cikin jerin sanannun musabbaban ciwon. A 2011 a Birazil aka binciki mutum 125 masu irin wannan taurin jini, aka samu kashi 64 cikin 100, ta zama ita ce ta fi kowace matsala yawa cikin abubuwan da aka nema. Maigidana, da ƙwayoyinsa uku har da ta fitsari da jinin da ya ƙi sauka, shi ne ainihin mutumin da waɗannan takardu ke magana a kansa. Sun riga shi zuwa asibiti da shekaru. Duk da haka muka yi shekara shida an bar jaki ana dukan taiki.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, nesa ba kusa ba. Wani ƙiyasi da aka fitar a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 a duniya suna da wannan matsala, miliyan 425 daga cikinsu matsakaiciya ko mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce masu hawan jini sun haura biliyan ɗaya, kuma kusan ɗaya cikin biyar ne kawai jininsu ya daidaita. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane cewa taron biyu sun cuɗu da juna, kuma da yawansu suna zaune a layinku yau da safe.

Ba na ɗora muku laifin rashin kula. Na ga layin da idona, na ga yadda likita yake da minti biyar ko ƙasa da haka kan kowane mutum, na ga nas tana awo tana rubutu tana amsa kiran wani. Matsalar a ganina ita ce tsarin ganin likita gaba ɗaya na rana ne. Da rana ake awo, mutum na zaune, a farke, ya huta minti biyar. Ciwon nan kuwa da dare yake aikinsa, kuma mai shi shi ne mutum na ƙarshe da zai sani. Shaidarsa tana wurin wani daban: mata, miji, ɗan da ke ɗakin kusa, abokin tafiya da ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da shi ya kasa runtsawa. Mu kuma ba ma kawo maganar da kanmu. Wace mace ce za ta shiga gaban likita ta ce mijina yana minshari? Kunya ma ba za ta bari ba, ga tsoron kada a ce ta zo tona masa asiri. Sai an tambaye mu.

Shi ya sa roƙona na farko ƙarami ne ƙwarai. Duk wanda jininsa ya ƙi sauka da ƙwaya uku, ko wanda awonsa na safe ya fi na yamma hawa, ko matashin da hawan jini ya kama ba gaira ba dalili, kafin ku ɗauki biro ku ƙara magani, ku tambayi barcinsa, kuma ku tambayi wanda yake gani. Akwai tambayoyi takwas da aka tsara a Toronto a 2008, waɗanda kuka sani da STOP-BANG: minshari, gajiyar rana, ko wani ya ga numfashi ya tsaya, hawan jini, ma'aunin ƙiba na BMI (mai gwada nauyin mutum da tsayinsa) sama da 35, shekaru sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Mai hawan jini ya riga ya ci ɗaya tun kafin ya buɗe baki. Maigidana da an yi masa da ya ci bakwai. Ba ta buƙatar wuta, ba ta buƙatar na'ura in ban da tef ɗin awo da sikeli, kuma nas za ta iya gama ta kafin abin damtse ya gama sacewa. In babu wanda ya rako mara lafiya, ku ce a ɗauko sautin barcinsa da waya a kawo muku. Minti biyar na wannan shirun da gurnanin ya fi dogon bayani.

Sai dai ina roƙon kada tambayoyin su zama katanga. Siffar da kowa ya riƙe a kai ita ce ta namiji mai ƙiba mai kaurin wuya, kuma gaskiya ne ƙiba ce babbar mai jawo ta. Amma akwai sirara masu ita saboda ƙaramin muƙamuƙi, ko haɓar da ta koma ciki, ko toshewar hanci. Mata ma suna da ita, musamman bayan ɗaukewar al'ada, kuma su ba lallai su zo da labarin minshari ba. Sukan zo da rashin barci, da kasala, da ciwon kai na safe, da ƙuncin rai. Sau da yawa sai a ce damuwa ce a rubuta musu maganin barci. A nan nake so ku tsaya ku yi tunani sau biyu, domin wasu magungunan barci da masu kwantar da hankali, haka ma giya, suna ƙara sakin naman maƙogwaro, kuma suna iya jinkirta farkawar nan da ke ceton mutum. Mace ta zo neman barci a ba ta abin da zai tsawaita shaƙewarta.

Yanzu maganar magani, kuma a nan ba zan yi muku ƙari ba, don ku ma za ku kama ni. Babban maganin shi ne injin nan mai hura iska a hankali ta abin rufe hanci don hanya ta zauna a buɗe, wanda ake kira CPAP. Wani likita mai suna Colin Sullivan ne ya fito da shi a Sidni ta Ostireliya, ya wallafa sakamakonsa a 1981. Ba ya sauke jini da yawa yadda mutum zai zata: a matsakaici maki 2 zuwa 3 ne. Ko a binciken da aka yi a Sifen a 2013 a kan mutum 194 masu taurin hawan jini, bayan mako 12 saukar ta tsaya wajen maki 3, ko da yake da dama sun dawo da saukar jini ta dare, kuma wanda ya fi daɗewa da injin a fuska ya fi samun sauƙi. Na kuma san da babban gwajin nan na 2016 mai mutum 2,717, wanda bai nuna injin ya rage kamuwa da ciwon bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Amma na lura da lamba ɗaya a cikinsa: mutanen awa 3.3 kacal suke amfani da injin a dare. Wanda ya cire shi ƙarfe biyu na dare ya bar kansa tsirara a sauran daren, kuma a ƙarshen dare ne barcin mafarki ya fi yawa, lokacin da naman jiki ya fi sakewa.

Wannan ya kawo ni roƙo na biyu, wanda ya fi na farko wuya. Kada ku miƙa wa mutum inji ku ce sai wata shida. Makon farko na maigidana azaba ce. Abin hancin ya ɗame masa karan hanci har ya yi ja, iska na tsiyaya ta gefe tana hura masa ido, ya farka ya fizge shi ya jefar ƙarƙashin gado yana cewa shi gara minsharinsa. Da ba don likitar nan ta sa an kira mu a waya a kwana na biyar ba, aka sauya masa wani mai laushi da ke zama a ƙofar hanci, aka nuna mana yadda ake sa iskar ta fara a hankali ta riƙa ƙaruwa bayan barci ya ɗauke shi, da yanzu injin yana saman kabad ya sha ƙura. Kiran waya ɗaya ne ya raba tsakanin magani da tarkace.

Na san kuma ba kowa ne zai samu injin ba, ba kuma ko'ina ake da wurin gwajin barci ba. Kada wannan ya sa ku ce tambayar ba ta da amfani. Sanin sunan ciwo kansa yana sauya abubuwa. Binciken Wiskonsin ɗin nan ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana tafiya da raguwar yankewar numfashi da kusan kashi 26, ƙarin kashi 10 kuma yana ƙara ta da kusan kashi 32. Mutumin da aka yi shekaru ana ce masa ya rage ƙiba yana gyaɗa kai kawai, in ya ji sautin kansa yana shaƙewa a waya, maganar takan shige shi ta wata ƙofa daban. Akwai masu samun sauƙi da kwanciya ta gefe kaɗai. Akwai abin sawa a baki mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba, ga waɗanda nasu bai yi tsanani ba. A Disamba 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar tirzepatide ga masu ƙiba da ke da wannan matsala. Ku ma zaɓin ƙwaya ta huɗu zai iya bambanta in kun san aldostiron na cikin lamarin. Kuma ko ba komai, direban da kuka gano yana da ita za ku iya gaya masa gaskiya game da tuƙi cikin gyangyaɗi kafin hanya ta gaya masa.

Maigidana bai rabu da hawan jini ba. Har yau yana shan magani, biyu yanzu maimakon huɗun da aka nufa, ya kuma rage nauyi, don haka ba zan iya rantsewa wanne ne ya yi wane aiki ba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne daren farko da injin ya zauna masa daidai. Na farka wajen ƙarfe uku cikin tsoro, don ɗakin ya yi shiru irin wanda ban saba da shi ba. Na kai hannu ƙirjinsa. Yana hawa yana sauka, a hankali, ba tsayawa. Da safe ya zauna a bakin gado ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ashe haka mutane suke tashi?"

Wata mai zuwa za mu dawo awo. Za ku same ni a bencin waje, da ni da sauran matan da mazan da suka rako nasu, kowa riƙe da jakar magani. In kun leƙo kun kira, za mu shigo.

Taku,
Matar wani mai hawan jini